Ragon da ya ci leda, da mililita goma na allurar kashe zafi da suka kusa kai shi ƙasa

Rago ne Uda ɗan shekara biyu da 'yan watanni, ja daga kai zuwa tsakiyar jiki, fari daga nan zuwa wutsiya. Wata uwargida ce ta saye shi don kiwon sallah, kuma ɗanta ne ya kawo shi asibitin dabbobi a bayan a-daidaita-sahu, saura wata uku Babbar Sallah. Wata biyu ke nan yana ramewa. A zuba masa dusa da harawa, ya sunsuna ya juya baya. Ya daina tuƙa, kashinsa ɗan kaɗan ne busasshe mai majina, cikinsa kuwa ya turo ta ɓangaren hagu. An ba shi kanwa, an ɗura masa man gyaɗa, an yi maganin tsutsa har sau biyu, duk a banza. Kafin ya zo hannunta ragon sake ne, yana yini a bola.

Da aka duba shi, zafin jikinsa 38.4, zuciya na bugawa sau 96 a minti, numfashi 24. Cikin fatar idonsa ya yi fari, in an ja fatar wuya sai ta jima kafin ta koma. Gwajin jini ya nuna jajayen ƙwayoyi kashi 22 cikin ɗari, alhali lafiyayyar tunkiya ba ta kasa 27. Da aka danna kwiɓin hagu sai aka ji wani curi mai tauri kamar tuwon da ya kwana, tumbin kuma da ƙyar yake motsi. Duk wanda ya yi aikin dabbobi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san wannan curin. Leda ce, ta fiya-wata da baƙar ledar cefane, ta dunƙule a tumbi. Magani ba ya narkar da ita, sai an tsaga an ciro.

Tsaga tumbi ba wani aiki mai wuya ba ne ga wanda hannunsa ya saba. Abin da ya kusa halaka wannan ragon lissafin allura ne, don haka a kansa za a tsaya.

Aka fara da nauyi. Yaron ya ce ragon zai yi kilo 50, haka dillali ya faɗa musu ranar saye. Sikeli ya ce 38. Ko 38 ɗin ma ba duka rago ba ne, domin ledar da ke cikinsa ta hau sikeli tare da shi, ita kuwa ba ta da jini ba ta da hanta, ba za ta ɗauki ko ɗigon magani ba. Likitan ya ƙiyasta curin a kan kilo 4, ya cire, ya yi duk lissafinsa a kan kilo 34. Tsakanin maganar dillali da ainihin jikin dabbar akwai kilo 16. Da an bi ta dillali, kowace allura za ta haura da kusan rabin abin da ya kamata.

Sai zaɓin yadda za a kashe masa zafi. Hanya biyu ce: a sa shi barci gaba ɗaya, ko a sanyaya masa jiki kaɗan a kashe wurin da za a yanka kawai. Ga kare ko kyanwa ba a ma tsayawa shawara, barci ake sa su. Dabba mai tuƙa daban take. Tumbinta ba ya taɓa zama fanko, yawu ba ya daina zuba ko tana barci, iskar da abincin ke fitarwa kuma ba ta tsayawa. Da zarar barci ya yi nauyi sai gyatsa ta ɗauke, ciki ya kumbura ya danne huhu, ƙofar tumbi ta saki, ruwan ciki ya gangaro maƙogwaro. In ya faɗa huhu, ko dai ya shaƙe ta nan take, ko kuma bayan kwana biyu ko uku ciwon huhu ya ƙarasa ta. Don rage wannan ne ake hana tumaki da awaki abinci na awa 12 zuwa 18 kafin aiki. To amma ragon da leda ta cika wa tumbi, ko kwana uku ya yi ba ci, curin na nan.

Barci na gaba ɗaya yana yiwuwa, in akwai kayansa. Akan fara da diyazefam miligiram 0.25 a kan kowane kilo, a bi shi da ketamin miligiram 4 zuwa 5 a kan kilo ta jijiya, a samu barcin kamar minti 10 zuwa 20. Cikin wannan ɗan lokacin ake zura bututu a hanyar iska, a hura ɗan balan-balan ɗin bakinsa ya toshe gefe, sannan a ci gaba da iskar aisofuluren gauraye da oksijin. Bututun ne ke tsare huhu. A wannan asibitin babu injin iskar barci, babu tukunyar oksijin. Yin aikin awa guda da ƙarin ketamin bi-da-bi, maƙogwaro a buɗe, ga dabba mai ƙarancin jini, caca ce da dukiyar mutane. Tayofental kuwa, wani maganin sa barci na jijiya, ba a ko ɗauko shi ba: dabba na farfaɗowa daga gare shi ne yayin da maganin ya bar ƙwaƙwalwa ya bazu cikin tsoka da kitse, ramammen rago kuma ba shi da wurin ajiye shi, sai ya daɗe a kwance. Shawara ta tsaya a kan kashe wuri.

Kafin komai aka aske gefen wuya aka sa allurar roba a jijiyar wuya, aka ɗaure ta da filasta, aka jona ruwan Ringa, wato ruwan ƙari na asibiti. An tsara mililita 10 a kan kilo a awa, wato 340 a awa, kusan ɗigo biyu a daƙiƙa da igiyar ƙarin ruwa mai ɗigo 20 a mililita. Mutane da yawa kan tsallake wannan matakin in aikin na kashe wuri ne, wai ai ba barci za a sa ba. A wannan ragon, wannan 'yar robar ce ta raba shi da wuƙar mahauci.

Don sanyaya jiki aka ɗauki zailazin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa a 1962, da yawa kuma sun fi saninsa da sunan Rompun. Maganin yana da arha, yana da aiki, amma ba ya yafe kuskure. Doki na ɗaukar kusan miligiram 1.1 a kan kilo ta jijiya. Saniya kashi ɗaya cikin goma na wannan ya ishe ta, akuya ma ta fi saniya saurin faɗuwa. Kwalba iri biyu ce a kasuwa, mai kashi 2 cikin ɗari, wato miligiram 20 a mililita, da mai kashi 10 wadda aka yi don dawaki, miligiram 100 a mililita. Wanda ya zuƙo daga ta dawaki da lissafin ta shanu ya ninka maganin sau biyar. A tumaki akwai ƙarin matsala: zailazin na tayar da wasu ƙwayoyin garkuwa da ke cikin jijiyoyin jinin huhu, oksijin ɗin jini ya faɗi, wani lokaci huhun ya cika da ruwa, ko da an ba da adadin da ya dace. Ba kowace tunkiya ke yin haka ba, kuma ba a gane wadda za ta yi da ido.

Saboda haka aka tsaya a ƙasa-ƙasa, miligiram 0.05 a kan kilo a cikin tsoka. Sau 34 ya ba da miligiram 1.7, wato mililita 0.085 daga kwalbar kashi 2. Babu hannun da zai auna wannan daidai da sirinji na yau da kullum. Dabarar ita ce a zuƙi mililita 1 na maganin a haɗa da mililita 9 na ruwan gishirin asibiti, kowane mililita ya koma miligiram 2, sai a ba da 0.85 da ƙaramin sirinji. An kuma tambayi yaron ko ragon na fitsari sosai, aka shafa ƙasan cikinsa. Tambayar tana da dalili: ragon kiwo da ake ɗura wa dusa yakan yi tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari, zailazin kuma yana ƙara yawan fitsari, sai mafitsarar da ta riga ta cika ta fashe. Haka nan ake kauce masa a saniya mai tsohon ciki, don yana matse mahaifa.

Bayan minti goma kan ragon ya sunkuya, yawu ya fara dalala. Aka kwantar da shi a kan gefen dama, hagu a sama, aka naɗe buhu aka sa a ƙarƙashin wuya daidai maƙogwaro, yadda bakin zai karkata ƙasa, duk abin da ya taso ya zubo waje. Ba a yi masa atirofin, allurar rage yawu, ba. A dabba mai tuƙa ba ya tsayar da yawu, kauri kawai yake ƙara masa, ya fi wuyar fita.

Lidokain, allurar kashe wurin da za a yanka, ita ce ginshiƙin aikin. Kwalbar kashi 2 tana da miligiram 20 a kowane mililita. Shanu na da girman da zai shanye kuskure, shi ya sa wanda ya saba da su yake zuba mililita 60 ko 80 a kwiɓin saniya hankalinsa kwance. Tumaki da awaki ba su da wannan faɗin. Iyakar da masu taka-tsantsan ke tsayawa a kai ita ce miligiram 5 zuwa 6 a kan kilo, 10 kuwa katanga ce da ba a so a kai gare ta. Ga wannan ragon, 6 sau 34 ya ba da 204, wato kusan mililita 10. Mililita 10 ba za su isa layin da ake son kashewa ba, don haka aka tsarma su da ruwan gishiri daidai-wa-daida, suka zama mililita 20 na kashi 1. Yawan maganin bai ƙaru ba, ruwan da zai bazu ne ya ƙaru.

An yi allurar a siffar harafin L da aka kifar: layi ɗaya a tsaye bayan haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya a kwance ƙarƙashin fikafikan ƙashin baya. Hikimar ita ce jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga kwiɓi suna fitowa ne daga ƙashin baya su gangaro ƙasa suna karkata baya, layukan biyu sai su tare musu hanya kafin su iso wurin yanka. Raunin wannan hanyar sananne ne, fata takan mutu sarai amma tsokar can ciki da tantanin ciki su rage da rai.

Kuskuren farko na gaggawa ne. Lidokain na son minti 10 zuwa 15 kafin ta kama jijiyoyin da ke can ƙasa. Minti huɗu aka jira. Aka tsikari fata da allura, ragon bai motsa ba, aka ɗauka an gama. Fata ta tsagu lafiya. Da wuƙa ta shiga tsoka ta biyu sai ragon ya zabura, ya ja ƙafa, ya yi nishi.

Kuskure na biyu shi ne babba. Kwalbar lidokain tana nan a kan tire, mataimaki ya zuƙi mililita 10 ba tsarmi, ya bi gefen yankan yana tsirawa, ba tare da ja da sirinji baya ya ga ko bakin allurar na cikin jijiyar jini ba. Niyyarsa tausayi ce, kuma da saniya ce babu abin da zai faru. A nan jimilla ta koma miligiram 400 a jikin kilo 34, kusan 12 a kan kilo, ninki biyu na iyaka, kuma rabinsa an zuba shi ne cikin tsokar da aka yanka take zubar da jini, inda yake saurin shiga jiki.

Minti shida ko bakwai bayan haka, an buɗe tantanin ciki ana shirin jawo tumbi, mai riƙe da kai ya ga leɓen sama na rawa. Kunne ya fara karkarwa, ƙwayar ido na kai da komo gefe zuwa gefe da sauri. Sai wuya ya sanƙare ya lanƙwashe baya, ƙafafu huɗu suka miƙe, suka shiga shure-shure kamar mai gudu a kwance, haƙora na cizon juna.

Nan ne ake rasa dabbobi, saboda wanda bai taɓa gani ba zai ce zafi ne ya ishe ta, ya ƙara lidokain ko zailazin. Bambancin a bayyane yake ga mai lura. Motsin zafi yana bin wuƙa ne, in an ɗaga hannu ya tsaya, idon dabbar kuma yana kallon mutane. Wannan kuwa ya fara ne daga fuska, ba ruwansa da ko ana taɓa ciwon ko ba a taɓawa. Bai kuma yi kama da illar zailazin a huhu ba, wadda takan zo cikin mintunan farko bayan allura da haki, dasashi ya yi shuɗi-shuɗi, wani lokaci kumfa ta fito ta hanci. Dasashin wannan ragon fari ne kamar yadda ya zo, kuma an fi minti talatin da yin zailazin.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, lidokain na aiki ta hanyar toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, saƙo ya kasa wucewa. A kwiɓi abin da ake so ke nan. In ta yi yawa a jini ta isa ƙwaƙwalwa, jijiyoyin da ta fara kashewa su ne masu taka wa sauran burki, shi ya sa jijjiga ke fara zuwa. In adadin ya ci gaba da hawa sai komai ya mutu, numfashi ya tsaya, zuciya ta bi baya. Hanta ce ke wanke ta daga jini, kuma saurin wankewar ya dogara ga yawan jinin da ke ratsa hantar. Rago mai ƙarancin ruwa a jiki, wanda zailazin ya ƙara rage wa bugun zuciya, hantarsa ba ta samun jinin da ta saba samu.

Likitan ya rufe yankan da auduga jiƙe da ruwan gishiri ya danne da tafin hannu don kada hanji ya fito. Sa'a ɗaya, ba a riga an huda tumbi ba, da dattin ciki ya watsu ko'ina. Aka ba da diyazefam miligiram 0.25 a kan kilo, wato 8.5, mililita 1.7 daga kwalba mai miligiram 5 a mililita, a hankali ta robar wuya. Ba a zuba shi cikin ledar ruwa don yana yin gudaji, a tsoka kuma ba ya saurin shiga jini. Neman jijiyar wuya a jikin ragon da ke jijjiga, wuya a sanƙare, kusan ba ya yiwuwa, nan robar ta biya kuɗinta. Cikin minti biyu shure-shuren ya lafa. Aka miƙar da wuya, aka jawo harshe gefe, aka share yawu, aka buɗe ruwan ya ƙara gudu. Numfashi ya sauka zuwa 10 a minti, ya jima a nan, sannan ya hau 16. Lidokain ba ta da wani makari na musamman a irin wannan asibitin. Aikin shi ne a tsayar da jijjiga, a tsare numfashi, a ba hanta lokaci.

Aka dakata minti 20 kafin a ci gaba. Lokaci ya fara ƙurewa, domin lidokain ba ta wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ƙofar ƙari ta rufe. Aka zuƙi ketamin miligiram 1 a kan kilo aka ajiye ko da zai ji ɗinkin fata, bayan an karanta kwalbar da kyau, don shi ma akwai mai 50 akwai mai 100 a mililita. Ba a buƙace shi ba. Aka ɗinke tumbi a jikin fata ya toshe ramin ciki, aka tsaga, aka ciro ledar guntu-guntu tare da igiyar buhu da ƙwallon mangwaro biyu. A sikeli ta yi kilo 4.3.

Da za a sake wannan aikin, allurar gefen ƙashin baya ta fi dacewa da shi. Jijiyoyi uku ne ke riƙe da kwiɓi, ta ƙarshen ƙirji da biyun farko na gadon baya, kuma ana iya samun kowace a inda ta fito. Ana shiga kimanin santimita 2.5 zuwa 3 daga tsakiyar baya, allura ta taɓa fiffiken ƙashi, a zame ta gefensa har a ji ta huda wani tantani mai tauri, a zuba mililita 2 a ƙasansa, a ja baya kaɗan a zuba 1 a samansa. Wuri uku, mililita 9 na kashi 2, miligiram 180, ƙasa da iyakar ragon, kuma tana kashe fata da tsoka da tantanin ciki gaba ɗaya. Alamar ta kama ita ce fatar kwiɓin ta ɗauki ɗumi. A ramammen rago ma ta fi sauƙi, ƙasusuwan duk a fili suke ana lalubarsu da yatsa. Dalilin da ya sa aka fi yin L ɗin shi ne ba ta buƙatar sanin ƙashi sosai, wannan kuma ba hujja ba ce ga mai yin aikin kullum. Wanda duk da haka ya zaɓi L yana iya ƙara mililita 0.1 na adirenalin mai ƙarfin 1 cikin 1,000 a mililita 20, ya rage saurin shigar maganin jini ya kuma tsawaita aikinsa, amma ba a yin wannan a kan nono ko wutsiya, inda matse jijiyar jini kan kashe naman. Abin da asibitin ya sauya bayan wannan lamari ƙarami ne: ana rubuta iyakar lidokain ta kowace dabba a mililita a jikin katinta, a zuƙe ta duka a sirinji tun farko, a raba kashi uku a ajiye ɗaya don ƙari, kwalbar kuma a mayar da ita kabad kafin a ɗauki wuƙa.

Da aka gama ɗinki aka gurfanar da ragon a kan ƙirjinsa, aka tokare shi da dami biyu na harawa hagu da dama. Mai tuƙa ba a barinsa kwance a gefe ɗaya yana farfaɗowa, sai a gurfane yake iya gyatsa. Zafin jikinsa ya sauka zuwa 37.6, aka lulluɓe shi da buhu a inuwa, domin zailazin na hana jiki daidaita zafinsa, sanyi ya kama dabba da sauri, rana ma haka. Akwai atifamezol, makarin zailazin, ba a taɓa shi ba tunda numfashi ya daidaita. Ya miƙe tsaye bayan awa biyu da rabi, ya fi yadda aka saba jinkiri saboda diyazefam. Sai da ledar ruwa ta biyu ta ƙare ya yi fitsari sannan aka yi masa meloksikam miligiram 1 a kan kilo a ƙarƙashin fata, don irin wannan maganin ciwon yana taɓa ƙodar dabbar da ba ta da ruwa a jiki. Aka bi da oksitetirasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, mililita 1 ga kowane kilo 10, da allurar riga-kafin tetanus. Washegari aka samo ruwan tumbin lafiyayyar dabba daga kwata, aka tace aka ɗura masa, a rana ta uku ya fara tuƙa.

An cire zare a rana ta 12. A takardar sallama aka rubuta wa Hajiya ranar da aka yi allurar ƙarshe da kwanakin jira da ke jikin kwalbar oksitetirasaikilin, waɗanda a yawancin samfura sukan kai mako uku zuwa huɗu, aka ja kunnen yaron cewa kafin cikarsu ba yanka ba sayar wa mahauci. Aka kuma ce a ɗaure shi a turke, a sa masa dutsen lasa na gishiri, a share ledar tsakar gida kullum, don ragon da ya koyi cin leda ba ya mantawa.